Yadda za ka kai aikin hannunka wurin baje koli daga nan arewacin Kamaru

Salamu alaikum dukawa da masaƙa da masu sassaƙa na Marwa da Garwa. Kullum sai ka ji ana cewa wai baje koli na masu uwa a gindin murhu ne, to ban ce ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma yawancinmu ko suna ba mu da shi a takarda, ta ina za a kira ka?

Ka fara da meri, wato ofishin magajin gari. Tun bayan dokar 2007 ta sana'ar hannu a can ake rajistar masu sana'a, ka ɗauki katin ɗan ƙasa ka je a rubuta sunanka da aikin da kake yi, kyauta ne, a watanni uku na farkon shekara ake yi, kar ka bari sai an fara shela ka zo kana ta guje-guje. Tantance masu zuwa baje koli kuma daki-daki ne, daga komin (ƙaramar hukuma) sai departama (gunduma) sai rejiyon (jiha), waɗanda suka tsallake su ne ke zuwa SIARC, babban baje kolin sana'ar hannu na ƙasa da ƙasa a Yawunde, da ake yi duk bayan shekara 2. Ma'aikatar MINPMEESA, mai kula da ƙananan masana'antu da sana'ar hannu, ke riƙe da harkar, ka riƙa leƙa ofishinsu na garinku ko gaisuwa ce a san fuskarka.

Sai maganar kaya, nan ne muke faɗuwa wallahi. Kar ka kwaso duk abin da ya kwanta maka a shago. Guda biyar ko shida masu kyau sun isa, ka juya jakar ka duba cikinta, ɗinkin ya miƙe? zip ɗin na tafiya? Sannan wari, ɗan'uwa, wari! Mu da muka tashi cikin jima hancinmu ya riga ya mutu, amma baƙo na buɗe alabe zai ji. Fatar da ba ta sha bagaruwa sosai ba kar ka taɓa ta ko an ba ka a araha, wadda ka gama kuma ka shanya ta a inuwa ta sha iska kwanaki. Ni na taɓa kai jakunkuna wani baje koli, jan karan dafi ya yi kyau kamar me, wata hajiya ta rataya ɗaya a kafaɗa sai ga rini a farin mayafinta, ranar da ƙasa za ta tsage da na shige. Tun daga nan sai na goga farin tsumma mai ɗan danshi a jiki kafin kaya su bar gida.

Fatar kada da ta mesa ka ajiye su gefe in kana son mai saye daga waje, sai da takardar CITES, wato izinin fitar da kayan namun daji da ake karewa, suke ƙetare iyaka, in babu 'yan duwan (kwastan) su ƙwace.

Farashi ka rubuta shi a ɗan kati ka ɗaura. Can ba Artizana, wurin sayar da kayan hannu na bakin kasuwar Marwa, ba ce da za ka ce dubu 20 a ƙare a dubu 7. Ka lissafa fata da zare da kwanakin da ka ci da kuɗin mota, in kuma wurin za ka bar wa kayan su sayar maka, kamar gidan sana'a na Garwa ko wani galeri (shagon nuna kayan fasaha), ka tambayi kason da suke cira tun kafin ka sauke, a rubuta adadin kaya ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Hoto da safe a waje, kan farin zane, ba kan tabarma mai kala ba. Tun da aka sace wasu Faransawa kusa da Waza a 2013 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, yanzu rabin ciniki a WhatsApp yake, don haka kowane kaya ka saka lambarka ta Orange Money ko MoMo a ciki. In Yawunde za ka, mota har Ngaundare sai jirgin ƙasa na dare, ka cusa wa jakunkunan tsohuwar jarida kar su lotse a hanya.