Kurakuran da yaranmu ke yi in anka ba su littafin Sherlock Holmes a dogon hutu

Wallahi na gaji da maimaita magana guda, shi ya sa na ce bari in rubuta ta kowa ya gani. Duk shekara in anka yi dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, nakan tara yara 'yan SS1 da SS2 nan Gusau mu yi lesin na adabin Turanci, kuma littafin da nike ba su shi ne The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle, wanda ya fito a 1902 bayan an buga shi kashi-kashi a mujallar Strand tun daga Agustan 1901. Babi 15 ne kacal, ana samunsa kyauta a intanet, kuma labarin ba baƙo ba ne ga ɗan Bahaushe: gida mai dukiya, la'anar da aka ce tana bin zuri'a tun daga wani kaka mugu, ƙaton kare mai aman wuta da ke fitowa da dare, sai ɗan'uwa na ɓoye da ke son cin gado. Aikin da nike ba su shi ne su karanta, su kalli fim guda ko biyu da anka yi daga littafin, su rubuto mani bambancin. Shi ke nan fa. Amma kowace shekara rami guda suke faɗawa. Wanda bai karanta littafin ba ya sani zan tona asirin ƙarshensa a nan, kada a ce ban faɗa ba.

Babban kuskure, uban duka, shi ne kallon fim kafin karatu. Ko in ce kallon fim a madadin karatu, don mu daina yaudarar juna, yaron da ya kalli fim ɗin nan daren Asabar ba zai buɗe littafin ba sai dai ya duba sunayen mutane. Kuma ni ban da bakin zagin kowa, don ni ma na yi, kuma na sha kunyar da har yau in na tuna sai in ji zufa. Muna aji biyar malaminmu ya ba mu wanga littafi, ni kuwa lokacin damina ce ana ta noma, in na dawo gona ko hannu ba ni iya ɗagawa, sai wani abokina ya samo kaset ɗin fim ɗin 1959, wanda Peter Cushing ya fito a Holmes mai binciken, Christopher Lee ya fito a Sir Henry, magajin gidan Baskerville. Munka kalla sau biyu a gidan wani mai bidiyo, na zauna na cika shafi huɗu da kyakkyawan rubutu ina ta bayanin yadda ɗiyar Stapleton, ɗan'uwan nan na ɓoye, ta yaudari Sir Henry ta ja shi wurin kare, da yadda Holmes ya cece shi daga ƙaton gizo-gizo mai dafi a Landan. Ranar da anka dawo hutu malam ya ɗago takardata gaban aji, ya ce wane tashi tsaye, buɗe littafi ka nuna mana shafin da gizo-gizon nan yake. Na yi ta juya shafi, aji tsit, ya ce kada ka yi sauri ɗana, muna da lokaci har a tashi. Babu gizo-gizo a littafin. Stapleton ba shi da ɗiya. Matar da ke gidansa, Beryl, matarsa ce ta aure da yake nunawa mutane a matsayin ƙanwarsa, kuma ita ce ma ke ta ƙoƙarin ceton Sir Henry tun daga wasiƙar gargaɗin da ta haɗa da kalmomin da ta yanko daga jaridar Times. Wato na ɗauki mai ceto na mai da ita mai kisa. Biyu bisa ashirin ya ba ni, ya ce biyun na tawada ne, har munka gama makarantar ana ce mani gizo.

To abin da yara ba su gane ba, mai fim ba amanar marubuci ya ɗauka ba, kasuwarsa yake dubawa. Kamfanin Hammer da ya yi na 1959 finafinan ban tsoro ya saba yi, dole ya ƙara jini da gizo-gizo. Na 1939 mai Basil Rathbone, can kuma Beryl 'yar'uwar Stapleton ce ba matarsa ba, don a samu soyayyarta da Sir Henry ta tafi sumul ba matar aure a ciki, har da wani zama na kiran ruhin mamaci da babu shi ko kaɗan a littafi. Na BBC na 2012 mai Benedict Cumberbatch kuwa, wanda shi yaran yanzu suka fi samu wurin masu tura finafinai a waya, ai wannan sunaye kawai ya ara: Baskerville ya koma sansanin binciken soja, karen ya zama aikin wata iskar guba mai sa mutum gane-gane, Stapleton ta zama mace masaniyar kimiyya, mai laifin ma Frankland ne, wanda a littafi wani tsoho ne sarkin kai ƙara kotu da ke leƙen mutane da madubin hangen nesa daga saman gidansa. Bara yara uku sunka rubuto mani cewa Frankland ne ya yi kisa. Uku! Ko kunyar kwafar juna babu.

Maganin da nike yi, kuma na san wasu malamai ba su yarda da shi ba, ba ni faɗa masu akwai fim sai mun kai babi na 15. Wasu na cewa fim na taimaka wa yaron da Turancinsa bai nuna ba ya hango wurin, kuma da gaskiyarsu ta wani gefen, yaron da ya tashi a Kaura Namoda ina ya taɓa ganin dajin Dartmoor, inda labarin ya faru, da duwatsunsa da sanyinsa? Amma ni gara in nuna masa hoton wurin a waya, in ce masa tabon Grimpen ɗin nan ka ɗauka fadama ce a tsakiyar Agusta, sama ciyawa kore shar ƙasa laka mai haɗiye doki da ransa. Ya isa. In an gama karatu sai mu kalli na 1988 mai Jeremy Brett, don shi ya fi bin littafin sau da ƙafa cikin waɗanda na gani, sannan mu kalli guda cikin masu karkacewa, kowa da biro a hannu yana rubuta abin da anka canza. Kuma kada ka rubuto mani "sun canza kaza" ka tsaya. Mi ya sa sunka canza? Mi labarin ya rasa? In Beryl ba matar Stapleton ba ce, to ina dalilin haukan kishin da ya yi ranar da ya tarar da Sir Henry na neman rungumarta a daji? Nan makin yake.

Na biyu da ke ƙona mani rai shi ne raina Watson, abokin Holmes. Wanga ma gadon fim ne, tun Nigel Bruce da ya yi finafinai 14 tare da Rathbone yana fitowa kamar wani tsoho sakarai, mutane sunka ɗauka haka Watson yake. Likita ne fa, wanda ya yi aikin soja a Afganistan. Kuma duk abin da ka sani a labarin nan ta bakinsa ka ji shi. Daga bayan farkon babi na 6 har ƙarshen na 11 Holmes ba ya nan gaba ɗaya, Watson ke ɗauke da littafin, babi na 8 da na 9 wasiƙunsa ne, na 10 daga kundin da yake rubuta abin da ya faru kullum. Yara sai su ce wurin ya yi sanyi babu Holmes, su tsallake. Kai jama'a! Ka tsallake wurin da anka binne duk alamomin, sannan ka zo kana mamakin yadda Holmes ya gano? Cikin rahoton Watson ne Holmes ya tsinci maganar da ta suɓuce wa Stapleton cewa ya taɓa riƙe makaranta a arewacin Ingila, da ita ya bi diddigi har ya gano matar nan ba ƙanwa ba ce. Watson ne ya bi Barrymore, babban mai aikin gidan Baskerville, da dare ya gano kyandir ɗin da yake haskawa ta taga alama ce ga Selden, fursunan da ya tsere daga kurkukun Princetown, ƙanen matar Barrymore. Watson ɗin ne kuma ya je wurin Laura Lyons, matar da Stapleton ya yi amfani da ita a makircinsa. Matsalar Watson guda ce, yana gani daidai amma fassararsa kan karkace, kuma da gangan marubucin ya yi haka don kai mai karatu ka karkace tare da shi.

Wata yarinya 'yar SS2, mai kai ce sosai, ta ce mani Malam to in Holmes ya fi shi wayo mi zai hana shi ya ba da labarin da kansa? Na ce ke ɗiyata, in mai tatsuniya ya fara da gaya maki inda gizo ya ɓoye naman, za ki zauna? Ta yi dariya ta ce a'a. Na ce to Holmes tun da wuri ya fara zargin mutuminsa, in shi ke magana littafin ba zai wuce babi biyar ba.

Abin da nike sa su yi, kowa ya sayi littafin rubutu mai shafi 40, ya ja layi ya raba shafi gida biyu, hagu abin da Watson ya gani da idonsa, dama abin da ya zata. Misali takalmi. A otal a Landan an sace wa Sir Henry sabon takalmi ƙafa guda wanda bai taɓa sawa ba, sai kuma tsoho baƙi ya ɓata, daga baya sabon ya dawo. Sir Henry ya ɗora laifin kan ma'aikatan otal. Akwai wani yaro da babansa ke farauta da karnuka wajen Tsafe, shiru-shiru ne ko magana bai cika yi ba, ranar da munka karanta wurin ya ɗaga hannu ya ce Malam ai sabon ba shi da warin mai shi, kare ba zai bi ba, ke nan karen na gaske ne ba aljani ba. Babi na 5 muke fa. Abin da Holmes bai bayyana ba sai can ƙarshe. Na ba shi naira ɗari biyar daga aljihuna, ban yi nadama ba. Haka tokar sigarin Sir Charles, baffan Sir Henry da anka tsinci gawarsa a farkon labari, da ta zuba sau biyu a bakin ƙofa, alamar ya tsaya jiran wani, da sawunsa da anka ce sanɗa yake yi alhali gudun ceton rai ne. In mun kai ƙarshen babi na 11 sai in dakatar da kowa, ka rubuta wanda kake zargi da hujja biyu a takarda, in karɓa in sa a ambulan in liƙe, ba a buɗewa sai mun gama. Wanda ya leƙa ƙarshe ina gane shi nan take, sunan daidai hujja babu.

Kuma ku daina rubuta mani Holmes kamar waliyyi. Ya yi kuskure a littafin nan kuma ya amsa da bakinsa. Ya ga gawar Selden sanye da tsoffin kayan Sir Henry ya ɗauka shi ne, sai da ya ga gemu. Daren ƙarshe bai yi lissafin hazo ba, saura ƙiris karen ya gama da mutumin da ya ɗauki alkawarin karewa, har sai da Sir Henry ya yi doguwar tafiya da Dakta Mortimer, likitan gidan, kafin hankalinsa ya dawo daidai.

Sauran ƙanana ne. Holmes ba ɗan sanda ba ne, mai bincike ne mai zaman kansa, ɗan sandan shi ne Lestrade. Maganar nan "Elementary, my dear Watson" kada in gan ta a takardar kowa, babu ta haka a labaran Doyle, ko littattafai 4 ko gajerun labarai 56. Ba a ga gawar Stapleton ba, takalmin nan kawai anka tsinta a tabo, don haka rubuta "ana kyautata zaton ya nutse". Wutar bakin karen sinadarin fosfaras ne aka shafa masa. In ka sauko da littafin duba ko cikakke ne, akwai na yara da anka taƙaita, in ka ga shafi 40 da hotuna ba shi ba ne. Kada ka tsaya duba ƙamus kan kowace kalma, biyar a babi ta isa, sauran ka ja masu layi ka wuce in ba haka ba Satumba za ta same ka a babi na 3.

Masu kwafo taƙaitawa daga intanet ko su sa manhajar waya ta rubuta masu kuma, yaron da jiya ya kasa rubuta mani Wednesday daidai yau ya kawo Turancin da ni kaina sai na buɗe ƙamus, kana ganin ban sani ba? Ba ni ma yin faɗa yanzu. Tambaya guda nike yi, wane irin kare ne Dakta Mortimer ke da shi, kuma ina ya ƙare. Sai ka ga ido ya raina fata.

Lokacin karatu kuma, ni bayan sallar asuba nike cewa, babi guda kafin a fita gona ko a tafi Islamiyya, Juma'a a huta, cikin mako uku an gama har da ragowar kwana. Na dare ban yarda da shi ba, NEPA ba ta da tabbas, kuma littafin da ke cikin waya guda da TikTok mun san wanda zai ci wani. Wanda ke da hali ya kai a buga masa a takarda wurin masu fotokwafi, ku haɗa kuɗi ku uku ku riƙa karɓa-karɓa.