Yadda zaka hada wa yara jirgin ruwan yaki irin na da da kwali

Yan uwa mazauna Jidda, wannan hutun maimakon yara su wuni kan waya ku gwada wannan, wallahi nawa sun ji dadi sosai.

Samo kwalin madara a bakala (shagon kayan masarufi), ka yanke shi dogo, gaba ya yi tsini. Sai ka kafa tsinken tsire guda 3 a tsaye, ka yanka tsohon farin kyalle ka daura a jiki, shine filafilan da iska ke turawa tunda lokacin babu inji.

Inda na fi so ka natsu shine wajen igwa. Kar ka jera su a gaba, a gefe suke, huda ramuka layi layi hagu da dama ka cusa guntun bambaro, domin jiragen nan gefe suke juya wa abokan gaba su saki wuta gaba daya. Layi daya karamin jirgi ne mai gudu, layi 3 kuma irin Victory na Ingila kenan da yayi yakin Trafalgar a 1805.

Kuna yi kana basu labarin 1517, lokacin da jiragen Fotugal suka taso wa Jiddan nan tamu, Salman Ra'is, kwamandan sojan ruwa da ke tsaron garin, ya tare su da igwa suka juya. Amma kar a saka jirgin a ruwa, kwali ne zai jike.