Yadda ake gane mashigi kafin a tsunduma cikin ruwa

Toh jama'a damina ta kankama, mu nan daga Ringim har Auyo duk wanda gonarsa ke ƙetare sai ya ratsa ruwa. Mashigi daga "shiga" aka samo shi, wato inda ruwa ba zurfi, mutum da dabba su wuce da ƙafa. Shi ne 'yan rediyo suka ara wa teku suke cewa Mashigin Hormuz, amma can manyan jiragen dakon mai ne ke bi, namu na ƙafa ne.

Da farko ka tsaya a gaɓa ka kalli fuskar ruwan tukuna. Inda yake 'yar rawa yana ƙyalli, kana hango yashi, nan ne tudu. Inda ya kwanta lif ya yi duhu ba motsi, wallahi ka kiyaye shi, rami ne. Inda kogi ya yi kwana kuma kullum gefen waje ne mai zurfi don nan ruwa ke cin gaɓa yana zaftare ta, gefen ciki nan yashi ke taruwa, saboda haka ka nemi inda kogin ya miƙe ya yi faɗi, ka bi sawun shanu in akwai, Fulani sun fi mu sanin wajen.

Kar ka shiga ba sanda. Ka caka ta gabanka kafin kowane taku, ka fuskanci inda ruwan ke tahowa kana jan ƙafa a karkace. In ya wuce gwiwa kuma yana gudu, koma kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa "ai bara nan muka bi". Kogin Haɗeja ruwan Kogin Kano da na Challawa yake kwasowa, ga dam ɗin Tiga tun 1974, ga na Challawa tun 1992, ana iya yin ruwa can sama ko dam ya cika ya yi ambaliya, kai nan rana tsaf amma kogi ya ƙaru cikin dare. Ga masu tifa da ke haƙar yashi suna barin ramuka, ga ciyawar kacalla da ke toshe hanya ruwa ya sauya gado.

Don Allah a tambayi masunta ko sarkin ruwa kafin a tura yara kai abinci gona. In suka ce ruwa ya kawo, a jira kwale-kwale, kuma in ya cika a bari ya je ya dawo.