Yadda ake ganin filastid a madubin bincike da kayan miyar kasuwar Mile 12

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta matso, yaranmu na Agege da Idi-Araba su zo mini sun haddace cewa filastid, wato 'yan ƙananan sassan da ke cikin ƙwayar halittar tsiro, iri uku ne: kulorofilas mai kore, kuromofilas mai ja da rawaya, da likofilas marar launi. Sai ka ajiye musu madubin bincike ka ce su nuna maka ko ɗaya, kowa ya yi tsuru-tsuru. Abin yana damuna, don kayan aikin duk suna kicin ɗin gidansu.

Ka tanadi dankalin turawa ɗaya, tumatir nunanne da ɗanye, tattasai ja, sabuwar reza, aidin, gilashin ɗora samfuri da siririn murfinsa. Kada ka sayi na kan faranti mai tsada. Ka je wajen 'yan gwari a Mile 12 da yamma, ka ce a ba ka wanda ya ɗan fashe. Wanda ya yi laushi ma ya fi min daɗin aiki.

Albasa kuwa ka ajiye ta gefe. Ita kowane ɗalibi ke fara ɗaukowa saboda da ita aka saba nuna ƙwayar halittar tsiro, sai ya shafe rabin awa yana neman kore a fatarta. Ba zai samu ba. Kan albasa a cikin ƙasa yake girma, ba ya ganin rana, babu kulorofilas a wannan fatar.

Da dankali ake farawa, wannan doka ce a ajina. Ka yanka shi, ka kankari farin cikin da bakin reza har ɗan ruwa mai kama da madara ya fito. Shi za ka ɗiga a gilashi, ka ƙara ɗigon ruwa ɗaya.

A nan ne kowa yake faɗuwa, ni ma nan na faɗi a farkon koyarwata. Na yanko ɓarin dankali da nake ganin siriri ne, na ɗora, na kira yara su leƙa. Baƙi ƙirin muka gani. Na goge madubi, na canja wuri, har na fara zargin na'urar ta lalace, alhali kaurin yankan ne. Madubin bincike da hasken da ya ratsa samfuri daga ƙasa yake aiki. Idan ƙwayoyin halitta sun hau kan juna hawa goma, ta ina haske zai bi? Ga gwajin da nake ba ɗalibai: ka ɗora gilashin a kan rubutun jarida. Idan ba ka iya karanta harafin da ke ƙarƙashinsa, samfurinka ya yi kauri, ka wanke ka sake. Kada ka yi rowar lokaci a nan. Gara ka sake sau biyar da ka zauna kana murza na'ura a banza.

Murfin ma yana da nasa. Kada ka sake shi daga sama, iska za ta shiga ta yi kumfa, yaro ya ga zobe mai baƙin baki ya zana shi da sunan ƙwayar halitta. Ka kafa gefe ɗaya a bakin ruwan, ka tallafe ɗayan da allura, ka kwantar a hankali.

Fara da ƙaramin idon na'urar mai lamba 10, wanda idan an haɗa da na sama da ake leƙawa, shi ma mai lamba 10, ya zama ninki 100. Za ka ga ƙwayoyi masu siffar ƙwai suna sheƙi, manya da ƙanana, wasu da zobba a jikinsu kamar bawon kawa. Sitaci ne, kuma kowace ƙwaya a cikin amilofilas ta taru, wato irin likofilas da ke zaman rumbun tsiro. Yanzu ka surka aidin da ruwa har ya koma kalar shayi marar ƙarfi, ka ɗiga a gefen murfin, ka sa takarda a ɗaya gefen ta janyo shi. Kana kallo za su rine shuɗi mai duhu ɗaya bayan ɗaya. Aidin na kemis yana wadatarwa, amma idan ka zuba shi tsantsa komai zai baƙe.

Sai kore. A Legas ba ka da uzuri, damina ba ta barin bango ya bushe. Ka duba gindin katanga mai inuwa ko bakin rijiya, ka tsinko gansakuka mai 'yan ƙananan ganye. Ganyenta yawanci hawa ɗaya ne na ƙwayoyi, ba ya buƙatar reza. Ka cire ganye ɗaya da allura, ka sa a ruwa, ka koma ido mai lamba 40. Za ka ga ƙwayoyin halitta jere kamar ɗakuna, kowanne cike da 'yan dunƙule kore, faɗin kowanne wajen maikromita 5 (maikromita dubu ne milimita ɗaya). Su ne kulorofilas, inda tsiro ke haɗa hasken rana da ruwa da iskar kabon ya yi sukari.

Idan ka dace da kududdufi mai ruwa tsaye, ka ɗebo koren zaren nan mai santsi. Sau da yawa Spirogyra ce, kuma nata kulorofilas ɗin ba dunƙule ba ne, zare ne a naɗe cikin ƙwayar kamar an murɗa ƙyalle. Ranar da wata ɗaliba ta fara ganinsa, ta ɗago ta ce, "Malam, wallahi kamar kitso!" Zare biyu ko uku kawai za ka ɗauka, ka sa safar hannu, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama. Irin wannan kallo ne ya sa masanin ƙasar Rasha Mereshkowski ya ce tun 1905 kulorofilas asalinsa wata ƙwayar bakteriya ce da ta shige cikin wata ƙwaya ta zauna. Tun kafin nan an ga yana rabuwa biyu da kansa, daga baya kuma aka tabbatar yana da nasa DNA, wato sinadarin gado.

Tumatir ba wuya. Ka lakato naman da ke ƙarƙashin fata da tsinken sakace, ka dama a ɗigon ruwa. Ƙwayoyin manya ne, a cikinsu akwai ɗigo-ɗigo ja, su ne kuromofilas. Ka yi haka da ɗanyen, za ka tarar da kore a wurinsu, don kulorofilas ɗin ne ke rikiɗa idan tumatir ya nuna. Tattasai haka. Dankalin da ya sha rana ya yi kore kuwa, amilofilas ne ya koma kulorofilas, kuma wannan koren ɓangaren ba a cinsa.

Idan ba wuta, fitilar waya ta isa, ka haska madubin ƙasa da ita. Ka zana da fensir abin da idonka ya gani, ka rubuta ninkin a ƙasa. Da ka gama ka goge idon na'urar da tsumma mai laushi, ka mayar da ita akwati, don raɓar Legas tana sa gilashi ya yi funfuna.