Kurakuran da ake tafkawa wajen koya wa yara juriya ta hanyar labari

Na gaji da ganin sababbin malamai da iyaye suna maimaita kuskuren da ni kaina na daɗe a cikinsa, wato tsallake wahalar da ke tsakiyar labari a garzaya wurin nasara. Na shafe shekaru ina zaɓo wa ɗalibaina littattafan da jarumi yake faɗuwa a shafi ɗaya ya miƙe a na gaba, sannan in rufe da cewa mahaƙurci mawadaci. Wata rana yarinyar da ta ƙare zangon karatu tana ta fama, amma ta faɗi jarrabawa, ta ajiye littafin a kan teburina ta ce, "Malam, ni ma na yi haƙuri, amma ban ga komai ba." Ba ta sake aron littafi a wurina ba, kuma laifina ne, domin na yi mata alƙawarin da rayuwa ba ta yi wa kowa ba.

Tun daga lokacin nake karanta musu tarihin mutane irin su Louis Braille, wanda ya ji rauni a ido yana ɗan shekara 3 har ya makance, ya tsara rubutun makafi mai ɗigo shida a 1824 yana ɗan shekara 15, ya kuma rasu a 1852, shekara biyu kafin a amince da rubutun a hukumance a Faransa. Ina tsayawa a kan waɗannan dogayen shekaru, in tambaye su abin da suke ganin ya hana shi ajiye aikin.

Kuskure na biyu shi ne wa'azi. Don Allah ku daina rufe littafi da tambayar "Wane darasi muka koya?" Yaro yana gane amsar da kuke so, ya ba ku ita don ya huta, zuciyarsa kuwa ba ta motsa ba. Ni nakan dakata a daidai inda jarumi ya rasa mafita, in bar su su kawo hanyoyi biyu ko uku, domin wanda ya saba neman wata hanya ba ya saurin yanke ƙauna.

Kada a ba yaro littafin da ya fi ƙarfinsa da sunan koya masa juriya. Ƙin karatu zai koya. Idan kuma labari ya sa shi hawaye, kada a yi saurin juya shafi, a bar shi ya faɗi abin da ya taɓa shi.