Yadda Mai Sauraro Zai Gano Inda Shirinsa Ya Koma Bayan Sauye-sauyen Rediyo na 2025

Daga watan Disamban 2024 zuwa ƙarshen 2025, mai sauraron rediyo da Hausa ya sha murɗa akwatinsa a lokacin da ya saba, ya tarar babu abin da ya zo nema. Ranar 12 ga Disamban 2024 gwamnatin mulkin soja ta Nijar ta dakatar da shirye-shiryen BBC na tsawon wata uku saboda rahotannin da kafar ta bayar kan wani hari da aka kai wa sojoji a yankin Tillaberi, alhali kuwa tun watan Agustan 2023 an riga an toshe RFI a ƙasar. Ranar 14 ga Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin zaftare ayyukan hukumar da ke kula da Muryar Amurka, washegari aka tura ma'aikata fiye da 1,000 hutun dole, sashen Hausa da ya fara aiki tun 1979 ya yi tsit. A watan Mayu kwamishinan yaɗa labarai na jihar Kano ya sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye, lamarin da ya tayar da ƙura a garin da sojojin baka suka mayar da rediyo dandalinsu, sannan a tsakiyar daminar shekarar gwamnan jihar Neja, Umaru Bago, ya ba da umarnin rufe tashar Badeggi FM da ke Minna.

Duk waɗannan a kunnen mai sauraro abu ɗaya ne, wato shiru ko kiɗa a wurin da ya saba jin labarai, amma dalilansu sun sha bamban, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. Saboda haka aikin farko shi ne gano irin shirun da ka ci karo da shi, kafin ka kashe kuɗi ko ka ɗauki akwatin zuwa wurin mai gyara.

Gano dalilin shirun

Fara da akwatin kansa, domin shi ne mafi sauƙin bincike. Murɗa zuwa wata tasha da ka tabbata tana aiki a wannan lokaci, a kan zango iri ɗaya da wanda ka rasa. Idan ita ma ba ta fito ba, ko ta fito muryar tana rawa tana dusashewa bayan 'yan mintuna, to batir ne ya yi sanyi ko eriya ta sami matsala. Batir mai rauni yakan kama FM na cikin gari amma ya kasa jawo gajeren zango, wato zangon da ke kawo tashoshin nesa, wannan kuwa ya ruɗi mutane da yawa har suka ɗauka tashar ce aka rufe.

Idan akwatin lafiyarsa ƙalau, sai ka tambayi kanka ta wace hanya shirin yake zuwa maka. Mutane da yawa suna cewa suna jin BBC ko DW ko RFI, alhali abin da suke kamawa tashar FM ce ta garinsu wadda ta ƙulla yarjejeniya da kafar, tana ɗauko shirin tana sake watsa shi. Irin wannan hanya tana da daɗin sauraro, murya tas babu shuu, sai dai tana hannun hukumar ƙasar da tashar take, kuma takarda ɗaya daga ma'aikatar sadarwa ta isa ta yanke ta. Abin da ya faru a Nijar ke nan: an umarci tashoshin da ke hulɗa da BBC su daina sa shirye-shiryenta, amma shirin kansa bai tsaya ba, ana ci gaba da haɗa shi ana watsawa ta gajeren zango da intanet. Nijeriya ma ta taɓa ɗanɗana haka a 2004, lokacin da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana tashoshin gida ɗauko labaran kafofin waje kai-tsaye. Alamar wannan nau'in shiru ita ce tashar FM ɗin tana nan daram, tana tallace-tallacenta da gaishe-gaishenta, lokacin shirin na waje ne kawai aka cike da wani abu dabam.

Lamarin Muryar Amurka ya fi wannan nauyi, domin daga tushe aka rufe famfon. Idan ɗakin da ake haɗa shirin ya daina aiki, babu eriyar da za ta kamo shi, komai tsawonta. Hanyar ganewa ita ce ka duba shafin kafar na intanet ko na Facebook, ko ka roƙi wani yaro ya duba maka, ka ga kwanan watan labari na ƙarshe da aka wallafa. Idan ya yi makonni, to kada ka wahalar da kanka da murɗe-murɗe, ka nemi wata kafar da za ta maye maka gurbin wannan lokaci.

Akwai kuma shirun da babu siyasa a cikinsa ko kaɗan. Tashoshin gajeren zango na duniya suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, saboda yanayin sararin samaniyar da ke dawo da sautin ƙasa yana canzawa da lokutan shekara. Idan shiri ya ɓace maka a ɗaya daga cikin waɗannan makonni biyu, mafi yawan lokuta yana nan kusa, ya ɗan gusa ne kawai. Su kuma tashoshin cikin gida, tsadar man dizil da kuɗin lantarki sun sa da dama suna rage awannin aiki ko su rage ƙarfin na'urar watsa shiri, har ƙauyen da a da yake kama su rangaɗau ya koma sai an ɗaga akwati sama.

Komawa ga gajeren zango

A ganina, duk gidan da ya damu da labarai ya kamata ya ajiye akwati mai gajeren zango, ko da FM yake saurara kullum, domin shi ne zangon da ba ya neman izinin kowa kafin ya tsallaka iyaka. Yawancin abin da muke kamawa daga nesa yake tasowa, kamar tashar da BBC ke amfani da ita a tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atlantika.

Wajen saye, ka nemi wanda aka rubuta SW a jikinsa, kuma zai fi kyau a ce an raba zangon kashi-kashi, SW1, SW2 har zuwa sama, domin idan aka cusa dukkan mitoci a layi ɗaya, allura takan tsallake tasha uku da ɗan motsin yatsa. Kada ka yarda da rubutun kwali. Na taɓa sayen wani mai fitila da wurin sa kati da farantin sola a bayansa, mai shagon ya rantse mini yana kama duniya, da na isa gida na tarar gajeren zangonsa ado ne kawai, ban da ƙara babu abin da ke fita. Tun daga ranar nake zuwa kasuwa da batir ɗina a aljihu, a daidai lokacin da na san ana gabatar da wani shirin Hausa, in fito da akwatin bakin ƙofar shago, in zare eriya duka, in ji da kunnena kafin in biya. Akwatin da yake nuna lamba a gilashi ya fi mai allura sauƙin aiki, ko da yake ya fi shi cin batir.

Sai fahimtar mitoci. Masu gabatarwa sukan ce ana kama su a kan mita 16 ko 19 ko 25 ko 31 ko 41, wani lokaci kuma su faɗi lamba mai tsawo ta kilohaz. Duka biyun abu ɗaya suke nufi. Mita 16 tana wajen 17 a jikin akwati, mita 19 wajen 15, mita 25 tsakanin 11 da 12, mita 31 wajen 9, mita 41 wajen 7, mita 49 kuma wajen 6. Idan aka ce maka 15490, to a akwatin da ke rubuta megahaz 15.49 za ka nema, wato cikin mita 19 ke nan. Ƙa'idar da ba ta cika saɓawa ba ita ce da rana manyan lambobi irin su 15 da 17 sun fi fitowa, da asuba da dare kuma ƙananan irin su 6 da 7 da 9. Wanda ya nemi shirin safe a inda yake samun shirin rana zai iya kwana yana murɗawa bai same shi ba.

Babban abokin gabar gajeren zango a yau yana cikin ɗakinka. Cajar waya, fitila mai caji, ƙwan lantarki mai tsimin wuta, inbata ta sola da janareta duk suna fitar da ƙarar da ke danne tashar nesa. Gwada wannan da kanka: kama tasha, sannan ka zare cajar da ke jikin bango, sau da yawa za ka ji zuzun ya ragu nan take. Saboda haka ka yi amfani da batir maimakon jona akwatin a wuta, ka zauna kusa da taga ko a tsakar gida, nesa da rufin kwano. Idan har yanzu muryar tana zuwa tana komawa, samo siririyar wayar lantarki mai rufin roba, tsawon mita 5 zuwa 10, ka feƙe bakinta ɗaya ka naɗa a kan eriya, ɗaya bakin ka ɗaure a reshen bishiya ko saman katanga, nesa da wayoyin wutar lantarki. Da damina, da zarar hadari ya haɗu ka kwance ta daga jikin akwatin, saboda tsawa. Matsakaicin zango, wanda aka rubuta MW ko AM, inda aka daɗe ana kama Rediyon Nijeriya Kaduna, shi eriyarsa a cikin akwatin take, don haka juya akwatin kansa za ka yi a hankali har sai muryar ta daidaita.

Game da lokaci, jadawalin kafofin waje da agogon GMT ake rubuta shi. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya, Ghana tana daidai da shi, Sudan kuma tana gaba da awa biyu. Shirin da aka rubuta 0530 zai zo wa mutumin Kano ko Maraɗi da ƙarfe 6:30 na safe, mutumin Kumasi kuwa da 5:30.

Wayar hannu

Wayar hannu ba ta kama gajeren zango, amma yawancin ƙananan wayoyi suna kama FM ba tare da cin data ba, kuma a da yawa daga cikinsu igiyar abin sauraro na kunne ita ce eriyar, don haka ka warware ta, kada ka dunƙule ta a aljihu. Ga mai babbar waya, kafofi irin su BBC da DW da RFI da TRT Afrika suna ajiye shirye-shiryensu a shafukansu. Sauti zalla ba ya cin data kamar bidiyo: shirin rabin awa mai matsakaicin inganci yakan tsaya wajen megabayit 15, don haka ka zaɓi na sauraro, ka sauke shi lokacin da sabis yake da ƙarfi, ka ji daga baya.

A nan akwai tarko. Duk lokacin da wata kafa ta yi shiru, sai saƙonnin murya su yawaita a WhatsApp ɗauke da taken tashar da muryar da aka kwaikwaya, ko kuma tsohon rahoto na shekarun baya a sake yaɗa shi kamar na yau. Taken tasha ba hujja ba ne, kowa na iya manna shi. Idan ba ka sami labarin a shafin kafar kanta ba, ko a bakin wata tashar da ka kama da hannunka, to kada ka tura wa kowa.

Tashoshin gida

Idan tashar garinku ce aka taɓa, yana da kyau ka san wanda doka ta ba iko. A Nijeriya hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ce ke kula da lasisin gidajen rediyo da talabijin, kuma a rikicin Badeggi FM ministan yaɗa labarai Mohammed Idris da kansa ya tunatar da cewa dakatar da lasisi aikin hukumar ne. Saboda haka jin cewa gwamna ya ba da umarni ba ya nufin tashar ta tafi ke nan, ka riƙa leƙa lambarta safe da yamma na 'yan kwanaki. Shirye-shiryen siyasa kuma, inda aka matsa musu, sukan koma naɗaɗɗu, a tace su kafin a sa, ko a sauya musu lokaci, ko su ƙaura zuwa shafin tashar na Facebook. Mai sauraro ya lura ko ana buɗe layin waya a cikin shirin, domin ta nan ake gane na kai-tsaye da wanda aka naɗa.

Daga ƙarshe, samo ƙaramin littafi ka ajiye kusa da akwatin. A kowane shafi rubuta sunan shiri, lokacinsa da agogon garinku, tashar FM da ke ɗauko shi, mitarsa ta gajeren zango ta safe da ta dare, da ranar da ka tabbatar da su. Masu gabatarwa sukan karanto sababbin mitoci a farkon shiri ko ƙarshensa a kwanakin da ke gab da sauyi, don haka a makon ƙarshe na Maris da na Oktoba ka zauna da biro a hannu. Idan akwatinka mai allura ne, manna 'yar farar takarda a ƙasan gilashin, ka ɗiga alama da fensir a daidai inda kowace tasha take fitowa, yadda ko da asuba cikin duhu, da hasken tocila, za ka kai allurar wurin kafin a gama taken buɗe shiri.