Yadda Za Ki Samo Batun Binciken Digiri Na Biyu Daga Rajistar Awon Ciki

'Yar'uwa ma'aikaciyar lafiya a Marwa ko Garwa da ke arewacin Kamaru, batun yana asibitinku.

1. Nemi izinin shugaban asibiti a rubuce.

2. Ɗauko rajistar shekara guda. Ƙirga mata nawa suka zo awo sau ɗaya ba su dawo ba, nawa suka cika zuwa awo sau 8 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016. Ki tsaya sosai kan watannin damina, lokacin da ruwa ke yanke hanya, mata kuma suna gona.

3. Kada ki kwafi sunan kowa, lambar da za ki ba kowace mace ta isa. Amana ce.

4. Mayar da giɓin da kika gani tambaya ɗaya tak, ki kai wa malamin da zai duba aikinki, daga nan sai kwamitin ɗa'ar bincike.